Ranar da Jar Tawada Ta Kashe Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je ta'aziyyar mutumin da ke raye ba. Bari in faɗa a jere, don ba na son labari a hargitse.

Tun ina kula da sito a wata masaƙa a Kakuri nake riƙe dayari, kuma da alƙalamin tawada nake rubutu, ba biron nan mai araha da ke tsiyaya a aljihu ba. Dokata uku ce. Baƙar tawada ta aiki, shuɗiya ta biki, ja ta rasuwa. Abin da na rubuta kuwa na sauke shi daga kaina ke nan. Masu adana komai a waya, irin maƙwabcina Alhaji Sani, kallon tausayi nake musu. Mutum da gemunsa, ƙwaƙwalwarsa na jiran caji!

To, wata rana 'yar Baba Yohanna, tsohon abokin aikinmu da ya daɗe kwance a asibiti, ta kira ta gayyace ni taro. Na ɗauko alƙalamin shuɗi, ya bushe, kwalbar ma wayam. Sai na jawo na jan, na ce ai zan tuna. (Ni ɗin nan da ba na tuna abin da na ci jiya sai na duba.) Na rubuta: "Asabar, ƙarfe sha ɗaya, gidan Baba Yohanna, Kamazou."

Bayan mako biyar na buɗe shafin, na ga ja. Na yi salati. Na san su Kiristoci sukan ajiye gawa makonni kafin a binne, saboda haka lissafina ya hau daidai. Na ƙwanƙwasa wa Alhaji Sani, na ce Yohanna ya riga mu gidan gaskiya.

"Malam, ka tabbata? Bari in duba, kamar an turo min saƙo."

"Mayar da abin wasan nan aljihu," na ce. "Dayarina bai taɓa ƙarya ba."

Daga Unguwar Mu'azu har Kamazou ina lissafa masa kyawawan halayen mamaci a cikin keke. Da muka isa muka tarar da rumfuna da kujeru, mata cikin anko, ana ta kiɗa. Har na taɓe baki na ce masa, dubi yadda zamani ya lalata makoki.

Na nufi matar gidan, Mama Rifkatu, a tsakiyar ƙawayenta. Na rusuna, na ɗaga murya don kiɗan: "Mama, ya haƙuri? Mutumin kirki ya tafi. Duk can za mu."

Ta saki faranti. "Wa ya tafi?"

Kafin in amsa na ji an dafa kafaɗata. Baba Yohanna ne, cikin farar shadda, da cinyar kaza a hannu. Taron godiya ne, an sallamo shi daga asibiti.

"Sitokipa!" ya ce. "Likitoci sun sake ni, kai kuma ka sa hannu a takardar fitata daga duniya?"

Rumfar ta fashe da dariya, banda Mama Rifkatu, wadda ta yi wata huɗu tana tsoron jin wannan kalmar. Shekara talatin ina cin tuwonta, amma a lokacin ko kallona ba ta ƙara yi ba. Don in wanke kaina na zaro dayarin, na fara bayanin doka ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Abin ya ƙara lalacewa. Alhaji Sani kuwa ya ɗaga wayarsa kusa da hancina, ga katin gayyata har da hoton Yohanna yana murmushi.

Yohanna ya karɓi dayarin, ya ari biron makaɗi, ya rubuta a kan jan layin: "Ina nan da raina." Biro, a cikin dayarina! Sai da Mama ta ga haka ta yi dariya, ta ce a zuba wa mai ta'aziyya shinkafa.

Abin da na koya biyu ne. Na farko, mai doka shi ne farkon wanda dokar ke kayarwa in ya karya ta a ɓoye. Na biyu, shuɗiyar tawada kwalba bibbiyu nake saya yanzu. Waya dai har gobe ban yarda da ita ba, sai dai in na ga ja nakan leƙa gidan Alhaji Sani tukuna.