Diyod Ɗin da Na Ɗauka Kayan Keke Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Malam Tanko kwanton ɓauna a bayan bishiyar mangwaro ba.

Ni mai gyaran rediyo da salula ne a Madarounfa, kuma bakina ya fi hannuna ƙwarewa. Na yi wa surukina alkawarin haɗa masa na'urar da za ta riƙa kunna famfon lambunsa da hantsi, ta kashe shi da kanta. Ya yarda, ya dasa albasa ya bar mini amanar ruwanta.

Na samo zanen haɗin da Faransanci, na bi shi tiryan-tiryan. Abu ɗaya na tsallake, wani ɗan mitsitsi da aka rubuta wa "diode de roue libre". Ni kuwa a wurin masu gyaran keke na san roue libre. Me ya haɗa famfo da keke? Na jefa shi aljihu.

Ranar farko famfo ya tashi, ya tsaya a kan lokaci, washegari shiru. Transisto, wato ɗan makunnin da ke ba famfon wuta, ya ƙone. Na canza, ya sake ƙonewa. Na zargi mai shago a Maradi da sayar mini da jabu. Na zargi batir. Na ma zargi bakin mutane (kaina kaɗai ban zarga ba, shi ai gwani ne).

Sai na lura da sawun ƙafa daga lambun maƙwabci zuwa namu. Malam Tanko! Dama na ji ya taɓa gyaran wutar mota a Katsina lokacin ci-rani. Hassada ce, babu tantama. Albasar suruki na cikin haɗari, mutuncina ma haka.

Na laɓe tun hantsi, tururuwa na cizona. Can sai ga shi ya tsallako shinge. Na yi tsalle na fito ina ihu har surukina ya sheƙo.

"Baba, ga mai ƙona muna kaya!"

Sai a lokacin na ga bokitai biyu a hannunsa, cike da ruwa.

"Kwana huɗu ke nan ina ba albasag ga ruwa," in ji Malam Tanko. "Na ga famfo ya mutu, ban so ka ji kunya gaban surukinka."

Ya ajiye bokitan, ya leƙa akwatin na'urar, ya ce, "Ina diyod ɗin?"

"Na keken?"

Ya dube ni. Sannan ya yi mini bayani a hankali: in aka yanke wa famfo wuta, wadda ta taru a naɗin wayarsa takan yi harbin jaki ta dawo baya. Diyod ke ba ta hanya ta yi ta kewaya har ta gaji, kamar ƙafar keke in an daina taka feda. In babu shi, transisto ke shan harbin.

Na sa hannu a aljihu na zaro shi, haɗe da ɓawon gyaɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Surukina bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "To, mai keke, ɗauki bokiti."

Famfon na aiki har yau, sunan ma bai bar ni ba. Yanzu in kaya ya lalace, kafin in duba sawun maƙwabci, aljihuna nake fara lalubawa.