Na Yi Rajistar Hana Kira, Na Ƙare da Zagin Kawun Surukina

Jama'a, ranar Talatar makon jiya na zagi dattijo mai furfura ta waya, da rana tsaka, ina tsaye bakin rumfata ta robobi a kasuwar Parakou. Ni Badamasi, wanda ko akuya ta ci mini dawa sai na ba ta haƙuri kafin in kore ta. Ku ji yadda aka yi, sannan ku raba laifin tsakanina da manyanmu, Allah Ya ƙara musu sanyin ofis.

'Yata ta fari tana aure a Djougou. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san dalili. Cikin fari gare ta, ya tsufa, likita kuma ya hana ta hawa mota ta zo gida haihuwa. Mijinta Abdulƙadir yaron kirki ne, mai kunya. Ba zai taɓa ɗaga waya ya ce wa surukinsa matarsa ta haihu ba, wani babba a danginsa zai wakilta. Wane babban? Ban sani ba, balle in san lambarsa. Wayar mai ɗakina Adawiyya kuwa tun watan jiya ta faɗa rijiya. Ke nan duk baƙuwar lambar da ta shigo, dole in ɗauka, gabana na faɗuwa.

To, masu talla kamar an yi musu bushara. Ina alwala, waya. Ina bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, waya. In ɗauka, in ji, "Bonjur Mesiye!" Wannan inshora yake sayarwa, wancan fili a wani dajin da ko kura ba ta san hanyarsa ba, waccan shayin rage tumbi. Ni da idan na juya gefe sai a neme ni a rasa! Wata ma na gaishe ta, na tambaye ta gida da yara, ta yi ta zuba ba ta amsa ba. Na ce wa Iliya tela, maƙwabcina a unguwar Tourou wanda rumfarsa ke jikin tawa, "Yaran yanzu ba tarbiyya."

Ya ce, "Kai Badamasi, na'ura ce fa kake tambaya lafiyar 'ya'yanta."

Iliyan ne ya ba ni shawara. Wai an buɗe wani ofishi don hutar da kunnen talaka, ka sa lambarka a rajista, shi ke nan masu talla su bar ka. Na ce, "Kai ka yi?" Ya ce, "A'a, ina jira in ga yadda za ta kaya da kai." Aboki ke nan.

Na je. Ofishi tsaf, ga fanka, ga allo mai hoton wata mata tana barci waya na gefenta. Mai Girma Sarkin Hatimi ba ya nan, ya tafi taron kwana biyar a otal kan yadda za a rage damun jama'a. Muƙaddashinsa, Ranka-ya-daɗe Galadiman Dawo-Gobe, yana nan, amma yana kan waya. Na jira shi daga hantsi har azahar. Da ya gama ya turo mini takarda, ya ce in kawo fotokopin katin shaida da hoto biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton na mene ne? Masu kiran ba sa ganina."

Ya ce, "Don a tabbatar kai ne ba ka son a kira."

Takardar kuwa ta fi tambayar kabari. Suna, unguwa, sana'a, yawan 'ya'ya, harshen da ka fi ji, lokacin da ka fi zama kusa da waya. A ƙasa aka ce in faɗi dalili. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma an koya mini idan hukuma ta tambaya a faɗi gaskiya. Na rubuta: 'yata na gab da haihuwa, ina jiran labari. Galadima ya karɓa, ya ce, "Madalla. Idan rajistar ta fito za mu kira ka."

Jama'a, a yaba wa wanda ya yi aiki. Ban taɓa ganin takardar da ta yi saurin tafiya a ƙasar nan kamar tawa ba. Kwana biyu tak, masu talla suka bar Faransanci suka koma Hausa. Suka san sunana, suka san bayan azahar nake zaune. "Albishirinka, Baba Badamasi!" In ce goro, zuciya na dukan uku-uku. Sai in ji madarar jarirai. "Albishirinka, Baba Badamasi!" Gadon jariri mai gidan sauro. Har da mai ragon suna, wai in zaɓa tun yanzu. Ban ce wani ya miƙa musu takardata ba, Allah Ya tsare bakina. Wataƙila iskar fankar ofishin ce ta kwashe ta.

Ranar Talatar nan, kira na goma sha ɗaya ya shigo ina tsaka da ciniki da mai sayen bokiti. Muryar namiji, a natse: "Salamu alaikum. Malam Badamasi ne? Albishirinka."

Tura ta kai bango. Na ce, "Goron ubanka zan ba ka? Kai ba ka da aikin yi sai bin mutane da albishir? Da jin muryarka ka tsufa, ka nemi sana'ar mutunci mana! Ko me kake da shi, riƙe abinka, ba na so, ba na so, ba na so!" Na kashe. Iliya ya tafa mini, ya karɓi wayar ya toshe lambar, ya ce, "Yau ka zama namiji."

Bayan la'asar sai ga Moustapha direba, mai jigilar Djougou, ya tsaya bakin rumfa. Ya ce, "Baba, barka da arziki! An samu namiji, uwa da ɗa lafiya lau." Kafin in gama hamdala ya ƙara, "Amma me ka yi wa Malam Maazou?"

Malam Maazou kawun Abdulƙadir ne, limamin unguwarsu, kuma shi zai raɗa wa yaron suna. Shi na ce wa ya nemi sana'ar mutunci. Shi na ce wa ba na so har sau uku, game da jikana na fari. Moustapha ya ce da an shirya a sa wa yaron Badamasi, amma yanzu Malam ya ce zai sake tunani.

A gida Adawiyya ta dafe kai. "Malam, shekara hamsin kana haƙuri, ka rasa ranar da za ka yi jarumta sai yau? Da wane ido yarinyar nan za ta dubi dangin mijinta?"

Iliya ya buɗe lambar, na kira sau goma sha huɗu. Shiru. Alhamis da sassafe na ɗauki ƙwaryar goro na hau motar Moustapha. Na sami Malam Maazou a zaure, na cire takalmi, na durƙusa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi goron, ya ce, "Bawan Allah, me kake sayarwa? Ko mene ne, ba na so."

Zauren ya kwashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin hula. Na kwashe labari tun daga mai shayin tumbi har Galadima. Malam ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce shi ma ranar nan an yi masa tallar makarantar rawa. Ya karɓi goro. Shekaranjiya aka raɗa suna, kuma Badamasi ne, sai dai Malam ya roƙa wa yaron haƙurin kakansa na da, ba na ranar Talata ba.

Kafin in taso na tambaye shi wace rajista ya yi da kirana sha huɗu bai same shi ba. Ya ce, "Rajista? Kife wayar na yi a kan buzu." Ba hoto biyu, ba hatimi, ba taron otal. Da ni ne manya, da na ɗauki buzun nan aiki.

Af, na manta. Jiya ofishin Galadima ya kira ni don jin ko na gamsu an daina kirana. Sau uku.