Injiniya Baballe da Wutar da Ba Ta Mutuwa

Duk wanda ya ce ƙasar Rano ba ta fitar da masana ba, to bai taɓa zama a majalisarmu ta bakin tasha ba. A nan Allah ya ajiye mana Injiniya Baballe, ɗan acaɓan da ya fi ƙarfin acaɓa. Shi ya naɗa wa kansa injiniyancin, ranar da ya canza filogi da hannunsa babur ya tashi. Mu kuwa muka shaida, domin shi ke biyan kuɗin shayi, kuma bakin da ya sha shayin mutum da wuya ya ƙaryata shi. Idan ya ɗauko fasinja daga Rano zuwa Kibiya, kuɗin hanya kawai ake biya, laccar kyauta ce. Akwai tsohuwar da ya yi wa bayanin kafireto tun daga tasha har ƙofar gidanta, ta sauka tana yi masa addu'ar samun sauƙi.

Abu ɗaya ya hana wannan babban mutum barci: Zulaiha, 'yar Malam Haliru na ƙauyen Fassi. Mahaifinta ya ce kafin a gama shuka ta fitar da gwani tsakanin masu nemanta biyu, shi ba zai zaɓa mata ba. Ɗayan shi ne Shamsuddeen, wani mai awon hatsi da ke zuwa zance a kan tsohon keke, ya jingine shi a jikin katanga, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya tafi ba wanda ya san ya zo. Injiniya ya auna abokin takarar nan ya ga ba komai a cikinsa.

"Matsalar yaron nan," in ji shi, "ba a ganinsa. Mace kuwa abin da ta gani take zaɓa. Ni zan shiga Fassi yadda ko makaho sai ya tambayi wane ne."

Muka ce wallahi haka ne. Ni na fi kowa ɗaga murya, don ni ne abokin rakiyarsa, kuma a ranar har da ƙwai a shayina.

Washegari ya dawo daga Kano da wani ƙunshi a leda. Ya warware mana zaren fitilu siriri mai ƙananan ƙwayaye jere kamar tsakiyar wuya. Ya ce sunansa el-i-di, ya maimaita sau biyu don amfanin jahilai. Wani ya ce a kai wa masu haɗa wayar wuta na bayan tasha. Injiniya ya dube shi da tausayi. Ya ce shi da ya kalli yadda ake yi a wayarsa, me zai kai shi wurin waɗanda ko data ba sa sayawa? Gaskiya ne ya kalla. Mai bayanin da wani yare yake yi wanda ba mu san ko na wace ƙasa ba ne, kuma data ta ƙare a tsakiya, amma mai basira ai ba sai an kai masa ƙarshen zance ba.

Ranar da za a je zancen aka yi aikin, da hantsi, a ƙarƙashin darbejiya. Injiniya ya zagaye tanki da zaren, ya bi ƙarƙashin kujera, ya naɗe kariya, ya gangara har madigadi. Inda salatif ya ƙi kamawa ya zuba gam. Aikina shi ne riƙe filaya da cewa "ma sha Allah", kuma ban yi kasala a ko ɗaya ba. Da ya zo kan wayoyin, ya kama ja da baƙa ya murɗe su kai tsaye a bakin batir, ya mayar da murfin, wanda dama kunnensa ya karye, ya liƙe shi da ragowar gam ɗin har ya malalo. Wani ɗan baƙin abu mai maɓalli ya rage a leda. Na ɗaga na tambaye shi na mene ne.

"Makunni ne," ya ce, "na masu shakka. Wanda ya sa haske don a gani, me zai yi da abin kashewa?"

Na jefar da shi a kwata da hannuna, har ina dariyar masu shakka. Rana tana tsaka, ba wanda ya lura cewa fitilun tun a lokacin suke ci.

Da la'asar aka sheƙa ruwa, irin na farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa. Injiniya ya ce sama ma ta wanke masa hanya. Zulaiha ta kira shi a waya, ina jinta, ta ce don Allah ya zo a hankali, ya tsaya can gefen zaure inda ba haske, ita ba ta son a tara mata ido. Ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya kashe waya ya ce mini haka mata suke, abin da suke so shi suke cewa ba sa so. Na gyaɗa kai kamar wanda ya taɓa aure.

Bayan magariba muka kama hanya, shi cikin farar shadda mai sitaci, ni a baya ina riƙe da ledar tsaraba. Sai a lokacin muka ga abin da muka haɗa. Babur ya koma ja, ya koma kore, ya koma shuɗi, ya sake dawowa ja. Kwalta tana canza launi a ƙarƙashinmu. A Kibiya masu shayi suka miƙe tsaye, wata akuya ta tsallaka kwata ba ta shirya ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Har hannu na riƙa ɗaga wa mutanen da ban sani ba.

Muka isa Fassi, muka tsaya gefen zauren Malam Haliru, daidai inda aka ce ba haske. Injiniya ya kashe babur, ya zare makulli, ya sa a aljihu da ƙasaita. Inji ya yi shiru. Fitilu suka ci gaba da aikinsu. Ya mayar da makulli ya murɗa, ya sake zarewa. Katangar gidan surukai ta yi ja, ta yi kore, ta yi shuɗi.

"Haka tsarin yake," ya ce mini, amma muryar ta ɗan sirance.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke fitowa daga ƙasa da almuru bayan ruwan farko. Mu ma a ƙauye muka tashi, sai dai ilimi ya mantar da mu. Gina ce, ƙwarin nan masu fukafukai da ke bin haske, waɗanda ake kamawa a soya da gishiri. A daren nan kuwa babu wuta a Fassi, duk unguwar ba wani haske sai namu. Ɗaya ta fara sauka a kan hular Injiniya. Kafin ya kaɗe ta, ginar gari da ta gonaki duk ta sami labari. Suka rufe babur, suka rufe shadda, suka shiga wuyan riga suna zubar da fukafukai.

Sai muka ji an kwala kira daga wani gida: "Gina! Ku fito da ruwa!" Ƙofofi suka buɗe. Mata da yara suka fito da kwanuka da robobi da tsintsiya, suka kewaye mu. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya zaci taron nasa ne, ya fara bayani.

"Jama'a, wannan fasaha da kuke gani, ko a Kano ba kowa ba ne..."

"Bawan Allah, matsa, kana tare mana haske," in ji wata dattijuwa, ta ture shi da gwiwar hannu ta ajiye kwanonta a ƙarƙashin tanki.

Wayarsa ta yi ƙara. Zulaiha ce, daga cikin gida, tana cewa ya kashe abin nan don girman Allah. Ya durƙusa ya kama murfin batir ya ja. Gam ɗin Injiniya gam ne na gaskiya, wannan kam ba a yi masa ƙarya ba. Ya tambaye ni filaya. Filaya tana Rano a gindin darbejiya. Ya cire hularsa ya rufe tanki, kariya ta ci gaba da walƙiya. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon har da na kusa da shi.

Ana cikin haka aka idar da isha'i. A al'ada, uban yarinya idan ya dawo daga masallaci ya tarar da mai zance, gyaran murya yake yi daga nesa, saurayi ya lafe a duhu, dattijo ya wuce kamar bai ga kowa ba. Kunya ce ta kowane ɓangare, kuma duhu ne ke rufa wa kowa asiri. To mu mun kashe duhun. Malam Haliru ya yi gyaran muryarsa, ya ƙara, babu inda za a lafe. Dole Injiniya ya tsuguna a cikin taɓo gaban rabin unguwa, gina tana yawo a gemunsa, ya gaida surukin da bai kamata su haɗa ido ba. Fuskar dattijon ta yi kore, ta yi shuɗi. Ya daɗe yana kallon babur ɗin.

"Sannu da ƙoƙari, yaro," ya ce, ya shige.

Zulaiha ta fito daga baya, lulluɓe har ido. Zuciyar Injiniya ta dawo mazauninta, ya miƙe yana kaɗe shadda. Ba ta dube shi ba. Roba ce a hannunta, ta miƙa wa ƙanwarta, ta koma ciki. Ni kuwa, tunda abin ya riga ya lalace, na juye tsarabar a aljihu na cika ledar da gina. Na ji kunya ƙwarai, amma da safe da aka soya ta yi daɗi.

A hanyar dawowa Injiniya ya ce in lura da kalmar da dattijo ya zaɓa: ƙoƙari. Ya ce a bakin manya wannan daidai yake da an ba ka. Na ce ni ma haka na fahimta.

Ba a gama shuka ba goro ya iso majalisa. An sa ranar Zulaiha da Shamsuddeen, mai keken da ba a gani. Wanda ya kawo goron ya ce akwai kuma saƙo na musamman daga gidan Malam Haliru zuwa ga Injiniya. Baballe ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, don mu shaida cewa har yanzu ana san da shi a Fassi.

"Mata ne suka ce a roƙe ka aron babur ɗinka ranar kamu, saboda tsakar gidan ba wuta. Sun ce kai ba sai ka wahalar da kanka ka zo ba, kuma ka riƙe makullinka, sun ga ko babu shi yana yi."