Rasuwar Gogo, 'Yar Filashin Injiniya Kalua

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Injiniya Chimwemwe Kalua na unguwar Ndirande a Blantyre yake sanar da rasuwar 'yar filashinsa ta ajiyar bayanan kwamfuta, wadda aka fi sani da Gogo, ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara.

Marigayiyar ba ta taɓa ɗaga murya ba. Iyakarta ƙyafta jar fitila, sai "tilin" ɗin da kwamfuta ke yi mata maraba da shi. Sau biyu ana wanke ta a aljihun wando, ta fito ba ƙorafi.

Ciwon ajalinta na gado ne. Cikin kowace filashi ɗakuna ne dubbai, kowanne yakan gaji da rubutu da gogewa har ya ruɓe. Sana'ar Injiniya ke nan: rubuta manhajar da ke gano ruɓaɓɓun ɗakuna, ta jera su, don kada a sake ajiya a ciki. A jikin Gogo yake gwaji. Ɗaki ɗari biyu da sha ɗaya suka mutu a gabansa, yana ta murna manhaja na aiki. Jerin kuma, don tsabar ilimi, kwafi ɗaya tal ya yi, ya adana a wani ɗakin na Gogo. Ranar Talata ɗakin ya bi 'yan'uwansa. Gogo ta kasa bambance rayayye da matacce, fitila ta ɗauke.

Ta bar murfi, da igiyar ratayawa, da maigidan da ke yi wa abokan aiki wa'azin ajiye kwafi uku. Ta tafi da waƙoƙin reno shida da surukarsa, Mama Nachisale, ta rera kafin rasuwarta bara, kuma babu su a ko'ina. Sau uku matarsa Tadala tana cewa, "Baban Pilirani, ka dai kwafe muryar Mama, ko?" Sau uku yana amsawa, "Haba, ni za ki koya wa aikina?" In an ƙi ji, ba a ƙi gani ba. Yana kewar waƙoƙin nan, yana kuma jin tsoro ƙwarai.

Za a binne Gogo ranar Asabar da safe, cikin kwalin ashana, a gindin mangwaron bayan gida. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri, su zo da yawa, su zauna tsakaninsa da Tadala, domin ita ma sai a wannan sanarwar take jin labarin.