Yadda Za Ki Saci Runguma Daga Ɗan Yayarki

"Kallo kawai, Auta. Ban da taɓawa."

"Haba Yaya Kirrily, ko da ɗan yatsa ɗaya? Kumatun nan fa don ja aka yi su!"

"Sai bayan wata uku. Haka jami'ar kula da yara ta ce."

Ke 'yar'uwa, idan yayarki ta yi shekara shida tana jiran a ba ta maraya ta riƙa, sannan ta sauko daga jirgi da yaro ɗan shekara biyu daga Filifin, ta kuma kafa dokar cewa ita da mijinta kaɗai za su ɗauke shi, su ciyar da shi, su rarrashe shi, wai don ya gane iyayensa, to sha kuruminki. Littattafan soyayyar da na karanta sun haura ɗari uku, ban ga inda katanga ta ci nasara ba. Bi matakan nan, na lamunce miki runguma cikin mako guda.

1. Ki zama kayan ɗaki

Kullum ki je da uzuri. Ni kwano ɗaya na mayar musu sau huɗu. Zauna a ƙasa, ki miƙe ƙafa a hanyar yaron, wato Jomar sarkin zuciyata. An hana ki ɗaukarsa, ba a hana shi tuntuɓe da ke ba.

2. Ki ajiye aji a bakin ƙofa

Yi kukan tunkiya. Kifa kwandon wanki a ka. Jomar ya dube ni sama da ƙasa, ya ci gaba da cusa shinkafa a aljihun wandonsa. Kada ki karaya. Masu hikima sun ce kallon raini ma kallo ne.

3. Toshiyar baki

Ajiye ayaba a kan kujera, ki kama kallon silin. Amma ki kula da mijin yayarki, idon shaho gare shi.

"Auta, ayabar nan da ƙafarta ta shigo?"

"Wallahi Yaya Darcy, yau na fara ganinta."

Ya ɓare ya cinye a gabana. Mugu!

4. Kada ki faɗa kicin ba sallama

Ni na faɗa, na tarar da Yaya tana share hawaye da tsumman goge kwano.

"Jiya mai kawo wasiƙa Jomar ya ɗaga wa hannu wai ya ɗauke shi," in ji ta. "Kowa nasa ne, Auta. A gidan marayu duk wadda ke bakin aiki ita ce uwa. Ni ma jira yake lokacina ya cika a kawo wata."

Tsallake wannan matakin. Yana ɓata shiri.

5. Ki jira ranarki

Tawa ta zo ran Asabar, muna gashin nama a bayan gida. Oktoba ce, lokacin da tsuntsayen magfai ke kai wa mutane sura don gadin 'ya'yansu, sai ɗaya ya sauko fuu ta saman kan Jomar. Yaro ya ƙwalla ƙara, ya sheƙo da gudu. Wa ya fi kusa? Ni! Ya ɗaga min hannuwa biyu, hawaye shaɓe-shaɓe. Wayyo zuciyata! Ga damarki nan, 'yar'uwa, buɗe hannu!

6. Kada ki yi abin da na yi

Na durƙusa, na harɗe hannuwa a baya har yatsuna suka yi zafi. Na nuna da haɓa.

"Ga Mama can, Jomar. Je ka wurin Mama."

Ya dube ni. Ya waiga. Yaya na tsaye da farantin salak. Can sai ya kwasa, ya faɗi, ya tashi, ya je ya cusa fuska a tsakanin gwiwoyinta, ya damƙe siket ɗinta kamar za a ƙwace masa. Salak ya watse a ciyawa. Nama ya ƙone ƙurmus, Darcy na ta rantsuwa hayaƙi ne ya shige masa ido.

Gargaɗi

Marubuciya ta wanke hannunta daga ƙonannen nama, kumburin ido da duk wata ayaba da ta salwanta. Wadda ta bi matakan nan ta tashi a tutar babu, ta kuka da kanta, don ni ma haka na tashi. Ran nan a wurin gashin, sai na hau kujera na ce:

"Jama'a ku shaida, na ajiye makamai har wata ukun ya cika. Amma ranar, kowa ya yi layi a bayana, har da kakarsa!"