Babur ɗin Mati Sarkin Tsalle

"Ni fa babur ɗina ba a duba shi, gaishe shi ake yi." Haka Mati ke faɗa duk shekara idan lokacin duba lafiyar ababen hawa ya matso, yana zaune a teburin mai shayi na Tudun Goriba, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yakan ce jami'an da kansu in sun hango shi sai su gyara tsayuwa, domin tunda suke aiki ba su taɓa samun ko ƙusa ɗaya da ta saki a jikinsa ba.

To bari in gaya maka gaskiya, abokina, tunda Mati ba zai gaya maka ba. Da farko dai babur ɗin ba nasa ba ne. Na ƙungiyar manoman ƙauyen ne, irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora da malaman gona ke shiga daji da shi. An ba Mati riƙo ne don ya riƙa ɗauko iri da taki, ya kai mara lafiya asibiti. Shi kuwa gogan naka sai ya mai da gonakin mutane filin wasa, yana tsallake kunya yana ratsa kwari, har aka laƙaba masa Sarkin Tsalle, ya kuma ɗauka sarauta ce ta gaske. A wajen tsallen nan madubi ya tafi, fitila ta bi shi, hon ya shaƙe, salansa ta ɓule, tayar gaba ta suɗe tas.

Shekarun kuma masu wuya ne. Mai ya yi tsada, gero ya yi tsada, wanda ke neman abin sawa a tukunya ba ya maganar sabon madubi. Don haka masu babura a ƙauyen suka saba da aro: ranar dubawa mai madubi ya ara wa mai hon, wanda aka gama da shi ya zagaya bayan rumfuna ya kwance ya miƙa wa na bayansa. Kowa ya san da haka, ba wanda ke jin kunya, sai Mati, wanda ke yin nasa aron a ɓoye don kada sarauta ta zube.

A bana shugaban ƙungiya, Alhaji Sama'ilu, ya gaji da ƙorafin masu gonaki. Ya ce da Mati a gaban jama'a, in babur ya faɗi a dubawar nan, a wurin zai karɓi makulli. Mati ya yi dariya har da buga cinya, amma ya san in babu babur ɗin nan, ko kaza ba za ta kauce masa a hanya ba.

Ana gobe dubawa ya bi gida-gida. Ya ari madubi da fitila wurin Basiru, hon da salansa wurin Dabo, tayar gaba wurin Ɗanliti. Ya rantse wa kowannensu cewa shi kaɗai ya roƙa, kuma zai shiga layi da sassafe, a gama da shi, ya mayar da kaya kafin layi ya zo kansu.

Ya kuwa yi sammako ya isa filin da ke gefen kasuwar Ɗanbatta, shi ne na farko. Babur na ƙyalli, har man gyaɗa ya shafa wa tanki. Sai dai da ya waiga, ba kowa a filin sai jami'ai da wata akuya. Ran Mati ya ɓaci. Yanzu duk wannan kwalliyar akuya ce za ta gani? Sai ya ja babur gefe, ya ce wa wanda ya iso bayansa ya wuce, shi babba ne, ba ya rige-rige da yara. Zai jira kasuwa ta cika.

Kasuwa ta fara cika, bakin Mati ya fara buɗewa. Ya jingina da babur yana bayani ga duk wanda ya tsaya, har da waɗanda suka tsaya gyara takalmi. Can sai ga Basiru ya shigo layi da nasa babur ɗin. Maimakon Mati ya yi shiru, sai giyar 'yan kallo ta ɗebe shi, ya nuna Basiru da baki.

"Ku dubi wannan don Allah. Ba madubi, ba fitila, kamar makahon jaki. Mutum ya riƙa kula da abin hawansa mana."

Basiru ya sauko, ya zaro sifana daga aljihu, ya zo ya kwance madubinsa da fitilarsa a gaban kowa, ya koma. Mati ya juya wajen jama'a ya ce sadaka ya ba shi, shi dama babur ɗinsa ya san hanya ko da duhu, kuma namiji ba ya kallon baya.

Bai gama rufe baki ba Dabo ya dafa kafaɗarsa. Ya ce saura mutum ɗaya layi ya zo kansa, kuma ya ji yadda ake sadaka a nan, shi ma ya zo karɓar tasa. Mati ya yi ƙasa da murya yana haɗa shi da zumunci da maƙwabtaka da nonon da kakanninsu suka sha tare, Dabo kuwa yana ta kwance ƙusa yana cewa amin. Hon ya tafi, salansa ta tafi. Mati ya share gumi ya sanar da cewa salansa ai ta matsorata ce, babur na gaske so ake a ji zuwansa tun daga Dawakin Tofa.

Da ya hango Ɗanliti tafe, sai ya yi niyyar hawa ya gudu, amma jama'ar da ya tara da bakinsa sun kewaye shi, ba hanya. Ɗanliti mutum ne mai tausayi. Kafin ya cire tayarsa sai da ya je wajen masu sayar da turame ya aro babban turmi, aka ɗaga babur aka ɗora cikinsa a kai don kada ya kife.

A haka jami'in ya iso, Alhaji Sama'ilu na biye da shi. Jami'in ya zagaya abin da ke kan turmi a hankali, ya tambaya cikin ladabi ko ina sauran. Mati ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, waɗancan duk ado ne. Lafiyar babur a inji take. Bari ka ji."

Ya buga, ya murɗa mai iya ƙarfinsa. Wata irin ƙara ta tashi, awaki suka tsinke igiya, tayar baya na ta juyawa a iska, hayaƙi ya turnuƙe. Mati na murmushi yana jiran yabo. Jami'in ya toshe kunne ɗaya ya girgiza kai, Alhaji Sama'ilu kuwa ya miƙo tafin hannu ya tsaya, yana jiran makulli.

Ana cikin haka wata tsohuwa, Inna Kulu mai ƙosai, ta ratso taron da ƙwarya a ka. Ƙarar ce ta jawo ta tun daga cikin kasuwa. Ta sauke ƙwaryar jiƙaƙƙen wake a gaban Mati, ta ɗaga murya don ya ji.

"Yaro, in ka gama da masu hular nan, ni ce a layi. Ka markaɗa min da laushi, na ƙosai ne."