Waƙi'ar Tsinken Tsintsiya a Panteka

Wannan tarihin Tanimu ne, ɗan Barau mai faci, ɗan Ilu Dogo maƙeri, ɗan Jatau wanda ya taɓa tura akori-kura da ƙirji; Tanimu Garkuwan Injina, Dodon noti mai tsatsa, ma'abocin gashin bakin da shekara ashirin aska ba ta kusance shi ba.

A zamaninsa aka kawo wata mota mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, bututu huɗun da ke shayar da injinta iska sun tsage. Malaman gareji suka kasu mazhaba biyu, wasu suka ce dogon bututu ke ba mota ƙarfin hawa, wasu suka ce gajere ke ba ta gudu. Sabi'u Baƙin Mai, abokin hamayyarsa tun suna koyon aiki, ya yi dariya ya ce wannan ilimin ya fi ƙarfin jikan maƙeri. Nan take Tanimu ya rantse a bainar jama'a, in motar ba ta hau tudun bayan kasuwa da giya ta uku ba, a aske gashin bakin.

Kwana bakwai jarumin ya yi yana nazari da hisabi da istinbaɗi, yana zane a ƙasa kaji suna sharewa, har ya yanke hukunci a kan dogo. Da yake bai yarda da awon Nasara ba, sai ya karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon da yake so, ya saƙala a kunne, ya ɗaura ɗamara ya nufi rumfar mai walda. A hanya rundunar ƙamshin tsire ta yi masa kwanton ɓauna, aka gwabza, ya kashe tsire tsinke shida. Wata jijiya ta maƙale masa a haƙori, hannu ya tafi kunne da kansa, ya zaro tsinken awon ya hau sakace. Sau uku tsinken yana karyewa kafin jijiyar ta miƙa wuya, kuma abin da ya rage shi ya miƙa wa mai walda.

Ranar da ya ga bututun, guntaye kamar yatsun hannu, ya gane ɓarnar da sakace ya yi masa. Amma girman kai ya sa ya ɗaura su a motar haka nan.

Aka taru a gindin tudu, Sabi'u har da wanzaminsa. Tanimu ya taka totur ya yi kururuwa, "Sai ni ɗan Barau! Sama, baiwar Allah!" Motar ta yi nishi, ta yi rarrafe, wanzami ya fara wasa aska. Can turbo ta yi fito, ta figi motar ta haye tudu kamar an tsikare ta.

Malamai suka kewaye shi suna roƙon sirrin awon, ya shafi gashin baki ya ce, "Hisabi ne, ba na yara ba."

Washegari aka kawo wata motar irinta sak. Garkuwan Injina ya karyo tsinke, ya saƙala a kunne, ya sulale wurin mai tsire ya rage murya.

"Malam, ba ni irin na rannan. Mai jijiyar."